Ruwan Sanyi Don Kajin Inna

Ranar bakwai ga watan Zulhajji, cikin Yulin 1957, rana ba ta gama fitowa ba amma rigata ta riga ta manne mini a baya saboda gumi. Ina tsaye a bakin titi da ƙullin kayan Inna a kaina, ita kuma tana fama ta hau bayan wata babbar mota da aka shaƙe da tukwane da katifu da buhunan shinkafa. Mutanen gidan da take yi wa wankau a Balad, tsohon garin Jidda, su ne za su tafi aikin Hajji, suka ce ta bi su Makka da Mina ta yi musu wanki da wanke-wanke na kwana goma. Direba yana ta buga ƙofar mota yana "yalla, yalla", kamar shi kaɗai Allah Ya halitta da uzuri. Sai da ta samu wurin zama a kan wani buhu sannan ta sunkuyo ta karɓi ƙullin, ta kama kunnena ta ɗan ja, ba da mugunta ba. Ta ce, "Rakiya, Habboba za ta iya kula da kanta. Ke kaji na bar miki. Kada ruwansu ya yi zafi." Motar ta tashi ta bule ni da hayaƙi, na juyo gida ina ji da kaina, don a ganina an ba ni sarauta. Shekarata goma a lokacin.

Habboba kakata ce, uwar mahaifina. Haka muke kiran kaka, mu da muka biyo ta Sudan. A Gadarif aka haife ni, a goye na ƙetaro bahar, kuma ban buɗe ido na san mahaifina ba, don bai shekara biyu yana dako a tashar jirgin ruwa ba ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Muka rage mu uku a gidan sandaƙa, irin gidajen nan da ake haɗawa da katakon akwatuna da garewanin kananzir da aka buɗe aka miƙar. Unguwarmu tana bayan gari, inda gine-ginen Balad suka ƙare yashi ya fara. Da rana, idan ka taɓa bangon ɗakinmu sai ka janye hannu. Da dare kuma iskar bahar ta zo da danshinta ta kwanta a kan mutum kamar jiƙaƙƙen bargo. Da safe nakan tafi wurin malamarmu da allona, mu yi ta rera karatu muna kaɗa kai muna satar kallon ƙofa. Da yamma mu yi carafke da gaɗa a lungu har a kira magariba. Duk abin da ke tsakanin waɗannan biyun kuwa, aiki ne.

Inna wankau take yi a manyan gidajen Balad, masu hawa huɗu da tagogin katako. A soro ake wanki, don haka ita za ta hau da ruwan, ta hau da kayan, ta durƙusa a gaban tasa tun hantsi har la'asar. Hannuwanta ban taɓa ganinsu lafiya ba. Sabulu ya cinye gefen farcenta, tsakanin yatsunta kullum a tsattsage yake, fari fat kamar naman kifi. Idan ta dawo ba ta iya miƙewa sosai, sai ta kwanta rub da ciki a tabarma ta ce in hau bayanta in tattaka. Ina tattakawa ina jin ƙashinta yana ƙara, tana cewa, "Nan, nan, Allah Ya yi miki albarka." Kajin nan su ne hanyar da ta gano ta fita daga wannan wahala. Da kaza biyu ta fara, ta hana mu cin ƙwai, ta hana kanta, tana sa musu kwanci, har suka kai ashirin da uku ban da zakara. Matan gidajen da take wa wanki sun yi mata alkawari duk ƙwan da ta kawo za su karɓa. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ranar da masu ƙwai suka cika talatin, halas, shi ke nan, na ajiye sabulu." A lissafinta bai fi saura wata shida ba.

Wanda bai yi kiwon kaji a Jidda da zafi ba, ba zai gane ba. Abinci ba shi ne matsala ba, ragowar shinkafa da busasshen burodi da Inna take tattarowa daga gidajen aiki sun ishe su. Ruwa ne bala'in. Kaza ba ta gumi, idan zafi ya kama ta sai dai ta buɗe baki ta saki fukafukai ta yi ta haki. Kuma ga ta da tsirfa, ruwa in ya ɗumama ba za ta sha ba, gara ta tsaya a gabansa ƙishi ya kashe ta. Idan ka zuba ruwa a kwanon ƙarfe da hantsi, kafin azahar ya isa a dama koko da shi. Don haka Habboba ta fito da dabararta ta mutanen da. Aka samu wani faffaɗan kasko aka binne shi a yashi har wuya, a inuwar zir, wato babbar randarmu da ke tsaye a kan ƙafafun katako. Aka kewaye shi da tsohon buhu, wanda dole ya kasance a jiƙe koyaushe, don iska in ta bi ta kansa sai ta sanyaya kaskon. Sau uku ake sauya ruwan, da hantsi da azahar da la'asar. Idanun Habboba sun yi rauni, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa, amma tana da ɗan yatsa. Duk sauyi sai ta lallaɓo ta tsoma shi a kaskon. Idan bai yi mata ba ta ce, "Wannan ai shayi kika ba su, saura sukari."

Ruwan kuwa ba a tsakar gida yake ba. Daga bazan ake ɗebo shi, wato famfon unguwa, kuma tsakaninmu da shi tafiya ce ta gaske a cikin yashi mai ƙona ƙafa. A sauran watanni akwai masu ga-ruwa da ke yawo da garwa biyu a sanda, wani lokacin Inna takan tsayar da ɗaya. Amma da lokacin Hajji duk namiji mai ƙarfi ya bi alhazai Makka neman na kansa. Unguwa ta koma ta mata da yara da tsofaffi, layin bazan ya yi tsawo kamar ba zai ƙare ba. Ni ce mai zuwa, da gammo da garwar da ba na iya cika ta. Zir na son ruwa, girki na so, alwalar Habboba na so, kasko na so sau uku, buhu kuma ba ya ƙoshi, kana jiƙa shi rana na lashewa. A kwana biyun farko sau biyar-biyar na je. Wuyana ya ƙage, tafin ƙafata ya yi bororo, sarautar da nake taƙama da ita ta fita daga kaina sarai. Na tsani kajin nan, wallahi na tsane su, musamman wata wake-wake mai shiga cikin kaskon da ƙafa ta ɓata ruwan da na sha wuya a kansa.

Sai ranar Arfa ta zo. Habboba ba ta taɓa barin azumin wannan rana, ni kuma a shekarar na nace sai na yi, don ƙawayena biyu sun ce za su yi kuma ba zan yarda a fi ni ba. Ta ce ban isa ba, na yi kuka, ta ce to, ga ki ga ranar. Ban taɓa kai azumi har magariba ba kafin nan. Da safe lafiya lau, na je bazan sau biyu ina ta baza labari a layi cewa ina azumi. Amma da rana ta take tsaka, iska ta ɗauke ɗif. Ko tsuntsu ba ya motsi. Harshena ya yi kauri, idona yana ganin wuta-wuta. Ruwan kasko ya ɗumama tun kafin a kira azahar, kajin suka taru a gindin zir baki buɗe, suna kallona. Abin da ya rage a zir na buɗa-baki ne da girkin Sallah. Na ɗauki garwa na fita, ina tafe ina share hawaye, don na san layin da ke jirana.

A kan hanyar bazan akwai rumfar wani dattijo mai sayar da dandurma, irin daskararriyar madarar nan mai zaƙi da yara ke mutuwa a kanta. Mu dai Ammi muke ce masa. Yana da wata gangar katako, a tsakiyarta akwai tukunyar ƙarfe, yakan farfasa ƙanƙara ya cusa a kewayen tukunyar ya yi ta juya wani hannu har madarar ta kama jikinta. Sau da yawa mun tsaya kallonsa, amma hankalinmu a kan madarar yake, ban taɓa lura da abin da yake barbaɗa wa ƙanƙarar ba. Ran nan ina zuwa daidai rumfar sai ya zare toshiyar gindin gangar, ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya tsiyayo ya bi ta kan ƙafata. Wayyo Allah, sanyin! Har cikin kaina na ji shi. Na tsaya ina kallon ruwa yana nutsewa a yashi a banza, ga shi ba layi, ga shi kusa da gida, ga shi ya fi ruwan kowane zir sanyi a duniya. Na ce, "Ammi, in tara?" Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Tari, ya binti, tari, 'yata." Na tabbata ya zaci tsakar gida zan yayyafa wa.

Na tara rabin garwa na koma gida da sauri, garwar tana raɓa, sanyinta yana ratsa gammo. Ruwan ya ɗan yi duhu da garin katakon da ake rufe ƙanƙara da shi, na tace da gefen mayafina na juye a kan sauran ruwan da ke kaskon. Allah Ya sani raina ya biya. Na ɗebo a tafin hannu na shafa a wuya da goshi, amma na damtse leɓɓana gam, ko ɗigo ban bari ya kusanci bakina ba, don kada azumina ya karye ƙawayena su yi mini dariya. Habboba ta lallaɓo ta tsoma yatsa. Ta sake tsomawa, sannan ta ce, "Masha Allahu! Yau kam kin yi abin kai." Ita ma azumi take yi, ta goge yatsan a zaninta ta koma tabarma. Kajin suka rufa wa kaskon, suna sha suna ɗaga kai. Kafin in huta sun kusa ƙarar da shi kuma ba su bar wurin ba. Na ce a raina, ashe haka kuke son sanyi. Na koma wurin Ammi, na sake komawa. Sau uku na yi, ina murna na huta da bazan, har ina tsara yadda zan ba Inna labarin dabarata.

Bayan la'asar na fito na tarar da wake-waken nan a kwance a gefe tana shure-shure. Wata tana tafiya da baya-baya, wuyanta a murɗe. Duk tsakar gidan ya ɓaci da zawo kamar ruwa, sauran kuma suna tangaɗi suna komawa kaskon. Na ƙwala wa Habboba kira. Ta laluba ta ɗaga ɗaya ta saurari numfashinta, ta ce annoba ce ta shigo, in ruga in nemo namiji ya yanka kafin su zama mushe. A wurinmu mace ba ta yanka, haka muka taso muka gani, ko da wuƙar tana hannunta. To ina namijin? Ammi ya riga ya rufe rumfarsa ya tafi. Na bi lungu-lungu ina buga ƙofofin kwano, ko'ina mata ne ke leƙowa. Sai can ƙarshen unguwa na samu wani tsoho mai gadin masallaci, wanda ƙafa ta hana shi tafiya Makka. Ya nemi takalminsa, ya nemi sandarsa, ya tsaya wasa wuƙa a bakin dutse, ni kuwa ina tsalle a gabansa kamar zan haɗiyi zuciya. Kafin mu iso yawancinsu sun sandare. Huɗu kawai ya samu da sauran rai ya yanka. Biyu suka tsira, su ma don suna kwanci ne a ƙarƙashin gadon Habboba, ba su fito shan ruwa ba.

Ana kiran magariba ina zaune a ƙasa tsakanin gawarwakin kaji, na ma manta da wani azumi. Habboba ta miƙo mini dabino ta ce in sha ruwa. Garwar nan tana kusa da ni da ɗan sauran ruwa a gindinta, har lokacin da sanyinsa. Na ɗaga na kafa kai. Ban haɗiye ba na furzar. Gishiri ne, gishiri zalla, ya fi ruwan bahar ɗaci. Nan take na gane abin da Ammi yake barbaɗa wa ƙanƙararsa, na gane dalilin da ya sa kajin suke sha ba sa ƙoshi, na gane ni ce na yi ta ɗebo musu ajalinsu a kaina har sawu uku. Habboba ta ce me ya faru, na ce ƙwarewa na yi. Na tashi na kifar da garwar a bayan ɗaki.

Da Sallah muka ci naman kaza, muka aika wa maƙwabta, kowa yana jajanta mana annoba yana killace nasa kajin. Ni ko loma ɗaya ban ci ba. Na tone kaskon na wanke shi tas, na kife a rana. Da ya bushe sai ga wani farin zobe ya fito a bakinsa. Na sake wankewa da toka, ya bushe, farin ya dawo. Ashe kasko in ya sha gishiri sai ya yi ta amayar da shi. Da na gaji na tura shi bayan akurki na rufe da buhun, na sa wa biyun da suka rage wani tsohon kwano.

Inna ta dawo da hantsin kwana na goma. Ta rame, ta yi baƙi, muryarta ta dishe, ta naɗe hannunta na dama da tsumma. Tun daga ƙofa ta tsaya, don gidan ya yi tsit, ba kukan da ta saba ji. Habboba ta ba ta labarin annoba tana kuka. Inna ta yi salati, ta zauna a bakin ƙofa. Can ta tashi ta zagaya akurkin, tana duba ko ina, kamar mai neman abin da ya faɗi. Ina kallonta ta ɗaga buhun, ta jawo kaskon. Ta duba farin zoben nan, ta goga yatsa ta kai bakinta. Sannan ta ɗago ta dube ni. Na so ƙasa ta tsage. Na jira mari, wallahi na ma roƙi Allah ta mare ni. Sai ta ce, a hankali yadda Habboba ba za ta ji ba, "Azumi kike yi ran nan?" Na ce e. Ta ce, "Kin kai shi?" Na ɗaga kai. Ta ce, "To, Allah Ya karɓa." Ta ajiye kaskon, ta shiga ɗaki ta kwanta rub da ciki, kuma ba ta ce in tattaka mata baya ba.

Washegari da asuba na ji motsinta. Ta ɗaure tsumman hannunta da haƙori, ta ɗauki sabulunta da bula ta ƙulle a gefen mayafi, ta kama hanyar Balad. Na bi ta har bakin lungu na tsaya, ina ganin yadda take tafiya a ɗan karkace. Ta sake gwada kiwon daga baya, amma bai ƙara yin albarka irin ta farko ba, ƙarfinta ma ya ragu. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara tana hawa sorayen mutane da garwar ruwa, sai da na yi aure na ɗauke ta sannan ta huta, lokacin yatsunta sun riga sun ƙi miƙewa. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma Habboba ta rasu tana zaton annoba ce.

Yanzu ina zaune a hawa na uku a unguwar Bani Malik, a gidan da ko kyanwa mai gida ba ya bari a ajiye, balle kaza. Unguwarmu ta da ko alamarta babu, ba bazan, ba zir, ba mai binne kasko a yashi. Ruwan sanyi yana bakin kowane masallaci kyauta, jikokina suna cika kofi da ƙanƙara su kurɓa sau ɗaya su bar shi ya narke. Injin wanki yana juyi a lungun kicin, ba ya ciwon baya, ba ya tsagewar hannu. Wani lokacin nakan ja kujera in zauna a gabansa har ya gama, yaran suna mini dariya suna cewa Habbobarsu ta samu talabijin. Ni dai na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma har yau da a ce Inna ta mare ni ran nan, da na fi samun sauƙi.